Shekarar Da Muka Daɓe Gona

Laminu, kai ka sa na zauna rubuta wannan, ko da yake yayyenka Sanusi da Hadiza ma su karanta, don su ma rabin labarin suka sani. Ranar babbar Sallar da ta wuce kana bakin wuta da abokanka kuna gadin ragunan da ake gasawa, ni ina bayan danga ina wanke kayan ciki, na ji wani ya tambaye ka yaushe za ka yi aure. Ka ce da wace gona, ai gonar ubanku Inna ta ba jirgi kyauta. Suka yi dariya, kai ma ka yi. Ban tanka ba saboda akwai baƙi, amma hanjin da ke hannuna ya sha murza ranar. Na san inda ka samo maganar, daga bakin Baba Idi ne, ƙanen ubanku, Allah ya jiƙansa, don har ya koma ga Allah bai daina faɗinta ba. Karatun manyan da na yi bai taka kara ya karya ba, hannuna kuma ya fara rawa, to ku yi haƙuri da rubutun, ku ji yadda aka yi.

Damina ce ta farko bayan rasuwar ubanku. Sanusi yana Agadas neman abin kansa, Hadiza ta zama budurwa, kai kuma Laminu kana yawo cikin gari ba wando. Gonar da ake magana a kai ita ce gezar yamma, wadda ta miƙe daga bayan rijiya har ta haɗu da fako, wurin nan mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa. Yawancin gonakin garinmu jigawa ne, rairayi da tuddai, amma tamu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasarta a kame, itatuwanta kuma duk a gefe suke. Aikin ƙarshe da ubanku ya yi a duniya shi ne kai mata taki da amalanke, yana tari yana zubawa, ina yi masa faɗa yana cewa wannan abincin yara ne. Da ruwa ya sauka muka shuka, ni da Hadiza da Baba Idi, hatsi ya tashi irin tashin da ban taɓa gani ba. Lokacin da abin ya faru ya riga ya yi ciki yana shirin fid da kai, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya bi ta wurin sai ya tsaya ya yi wa marigayi addu'a.

To ruwan da ya yi mana hatsin shi ya rufe mu. Aka yi ta sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, har Gulbin Kaba, wanda muka saba ratsawa a kan busasshen yashi, ya cika ya batse. Tafkuna suka haɗe da juna, hanyar Isawan ta ɓace, balle ta Mayahi. Motar likita ta kafe tun kafin ta iso gulbi, aka bar ta can. Sauro kuwa ya samu gari, masassara ta shiga yara gida gida. Ni lokacin ina ungozoma a likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu, ƙarƙashin Manjo Isuhu, shugaban likitar, wani mutumin Tasawa siriri mai saurin magana. Wata safiya ya buɗe mini kabad ɗin magani ya ce in duba da idona, na ga babu komai sai auduga da kwalaben da suka ƙare. Samari sun yi ƙoƙari, sun ƙetare ruwa da gora sun je har Mayahi, amma abin da suka dawo da shi bai cika leda ba, domin can ma kamiyon da ke kawo musu kaya daga Maraɗi ya maƙale a hanya. Yaran da ake shimfiɗewa a barandar likita kuwa ba baƙi ba ne a wurina, kusan duk ni na yanke musu cibiya.

Manjo ya riƙa hawa tudun bayan gari inda salula ke kamawa, yana kiran duk wanda ya sani. Daga ƙarshe ya samu wasu masu agaji da ke da ƙaramin jirgi a Maraɗi, wanda aikinsa ke nan, kai kaya inda mota ba ta zuwa. Wata hantsi sai ga shi bisa kanmu, ɗan abu mai farfela ɗaya a hanci, ya yi ta kewaya gari ƙasa ƙasa har kaji suka shige ƙarƙashin rumbuna, sannan ya juya ya tafi. Bayan azahar aka aiko mai gari yana kirana. Na iske dattawa zaune a ƙofar gidansa, ga Manjo, ga Baba Idi ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Na durƙusa daga gefe na gaishe su. Mai gari ya ce:

"Rabi, magana mai nauyi ce munka kira ki kanta. Mai jirgi ya duba garinga duka daga bisa. Ya ce babu inda zai iya sabka sai hwakon yamma, shi ko bai kai ba sai an haɗa da gezar marigayi."

Na ce, "Hatsin hwa, ranka shi daɗe?"

Manjo ya ce, "Sai an cire shi, Inna Rabi. Tun daga hwako har kusa da rijiya."

"Shi jeho maganin daga sama mana, mu tsinta."

"Kwalabe ne, da robobin ƙarin ruwa, da allurai masu son sanyi. In ya jeho, sai dai mu kwashi gilashi."

Nan Baba Idi ya yar da tsinken ya ɗago kai.

"Wanga abincin marayu ne. Ɗan'uwana bai shekara cikin ƙasa ba, a ce a tuge hatsinai da ciki? Don jirgin da ba mu san ubanai ba? In anka tuge ya zo ya ce bai sabka, wa za ya maida hatsi cikin ƙasa? Kai Manjo?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ina so ku san ban taɓa cewa ba gaskiya ba ce. Ni ma raina ya ɓaci, na ji haushin duk dattawan nan da ke da gonaki uku uku amma sai ta gwauruwa jirgi ya gani. Na ce a ba ni lokaci in je in dawo. Na tafi gonar ni kaɗai, na shiga tsakiyar hatsi har ya rufe ni, na yi kukan da ban samu yi ba lokacin takaba saboda mutane. Na fito da niyyar in ce a'a, na ma shirya yadda zan faɗe ta da ladabi. A hanyar dawowa, dab da rijiya, na gamu da Zulai matar maƙeri ta fito daga likita da goyo. Ta ja zane ta rufe yaron har kai, ƙafafunsa suna reto, tana tafiya a hankali ba ta kuka. Ba sai an gaya mini ba. Yaron nan da hannuna na karɓe shi, na sha wuya kafin ya yi kukan farko. Ban ko koma gida ba, na wuce ƙofar mai gari na ce su cire. Kuma ka riƙe wannan da kyau, Laminu: ranar lafiyarka lau, na same ka a tsakar gida kana kokawa da ɗan akuya. Ba don kai na bayar ba, don ƴaƴan mutane na bayar.

Washegari aka buga gangar gayya, maza suka fito har daga ƙauyukan da ruwa bai raba mu da su ba. Manjo ya faɗa musu abin da mai jirgi ya ce, a cire hatsi, a daidaita wuri, kada a bar kututture ko rami, sannan ya koma wurin marasa lafiya. Ni ban iya zuwa kallo ba, na tsaya likita ina jin gangar daga nesa kamar a ƙirjina ake bugawa. Suka tuge hatsin, aka kwashe ɗanyen kara aka kai wa dabbobi. Da aka gama sai wuri ya zama rami da tudu, gurbin kowane gindi. To mazan garinmu manoma ne tun kakanni, kuma manomi hanya ɗaya ya sani ta girmama ƙasa, wato ya sassauta ta. Suka shiga da hauya, wani ya ce hauya ba ta isa baƙo irin wannan ba, ya je ya ɗauro garmar shanu. Suka kifar da ƙasar gezar nan kaf, suka farfasa hoge, suka ja rassan ƙaya a kai har ta yi laushi kamar garin tuwo. Aka ce har gardama suka yi kan layin wa ya fi taushi. Mai gari da ya zo dubawa ya ce ko jinjiri aka kwantar a nan ba zai farka ba, kowa ya tafi gida yana jin ya fita kunyar baƙo.

Mai jirgi ya riga ya gaya wa Manjo yadda zai gwada wurin: ya hau babur ya goya mutum mai nauyi, ya bi filin a guje, in taya ta bar sawun da ya wuce gaɓar yatsa zurfi, to babu sauka. Manjo ya ɗauki Tanko mahauci, wanda duk garin babu mai tumbinsa. Gari ya taru, ni ma wannan karon na je. A kan fako suka taho kamar iska, suna shiga geza tayar gaba ta nutse, babur ya tsaya cak, Manjo ya tashi sama, Tanko ya bi shi ya danne. Mutane suka fashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Amma da Manjo ya miƙe ya tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu, ya dubi mazan nan, sai dariyar ta mutu. Ya hau tudu ya yi waya ya dawo. Mai jirgi ya ce taurin ƙasar ne ya sa ya zaɓi wurin tun farko, yanzu kuwa in ya sa ƙafar jirginsa a nan, da shi da maganin duk sai sun kife. Sai dai a jira ƙasa ta kwanta da kanta, wata ɗaya ko fiye.

Da la'asar Baba Idi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"To, Rabi. Ga hatsi cikin cikin awaki, ga jirgi a Maraɗi. Sai ki hwaɗa mani abin da yaranga za su ci."

Yana juyawa Hadiza ta kira ni daga ɗaki ta ce in zo in taɓa Laminu. Jikinka ya yi zafi rau. Kafin wayewar gari ka fara amai, da hantsi kuma jijjiga ta kama ka, idanunka suka kakkafe. Na saɓe ka na kai likita, Manjo ya ba ka ƙwayar da ta rage masa ka amayar, ya buɗe tafin hannunka ya ga ya yi fari, ya ce allura kake so, ita kuwa tana Maraɗi. Abin da ya rage mana tsumma ne da ruwan sanyi. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kowa, har da ubanku da ya tafi ya bar ni da wannan.

Na bar Hadiza a kanka na nufi gonar, ban san abin da zan yi ba, ina jin dai zagi na je yi. Na tsaya tsakiyar filin na buga ƙafa, ta nutse har idon sawu. Can gefe sai ga Gwaggo Hassu tana tsintar ganyen waken da ya rage don akuyarta. Ku manya kun san ta, tsohuwar nan mai goro a kunci wadda ba a daɓe ɗakin amarya a garinmu sai tana gaba. Ta dube ni ta ce:

"Ke Rabi, wai mi yaron nan mai jirgi ka so ne? Na ji maza na ta ƙunƙuni."

Na ce, "Ƙasa mai tauri shika so, Gwaggo, wadda taya ba ta nutsewa. Su ko sun nome ta."

Ta tofar da goro.

"To daɓe shika so ke nan. Shi ne anka ba maza aikin mata?"

"Gwaggo, wagga ba ɗaki ba ce, gona ce."

"Ɗaki nawa na daɓe a garinga tun ina budurwa? Jera su ki gani in ba su kai Isawan ba. Tahi ki ce ma Manjo shi auna muna iyakar inda ƙahwar abin za ta bi, kar shi ƙara muna ko taki guda."

Ta aje ganyen waken, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta kiran daɓe, tsakar rana, a gona, ba amarya ba ango. Mata suka fito suna tambayar ɗiyar wa za a kai. Kafin la'asar duk madaɓin da ke garin ya fito, waɗanda ba su da shi aka sassaƙa musu, wasu suka zo da taɓarya. Manjo ya ja igiya ya fitar da siririn layi daga fako zuwa kusa da rijiya. Gwaggo ta aika ruga, Fulani suka koro shanu aka yi ta kai su ana dawo da su bisa layin har ƙasa ta zauna. Maza kuwa, da mai gari da kowa, ta mai da su ƴan ɗauko: su kawo jar ƙasa daga bakin tafki, su farfaso suri, su tara tsakuwa, su jawo ruwa. Makubar da ke garin, wadda ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi, ba ta isa ko kusurwa ba, sai aka jiƙa bagaruwa cikin tano tano, wato manyan durom, ana yayyafawa. Mu kuma muka durƙusa sahu guda, kafaɗa da kafaɗa, muna duka muna ja da baya, in sahu ya gaji wani ya karɓa. Matan ƙauyuka suka zo, matan ruga suka zo, har Buzayen da ruwa ya tsare a bayan gari. Aka ƙaga waƙa nan take ana yi wa maza shaƙiyanci, wai sun yi wa jirgi huɗa suna jira ya tsiro. Mazan suna ji suna wucewa da kaya, babu mai bakin ramawa.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na yi duka har hannu ya fashe, sai in ruga likita in duba ka, in ga kana numfashi, in dawo in karɓi madaɓi. Zulai matar maƙeri tana kusa da ni a sahu, ita da ta binne nata, ba ta waƙa, duka kawai take. A rana ta biyu na ɗaga kai na ga amalanken Baba Idi ya tsaya a gabana cike da jar ƙasa. Ya juye, bai dube ni ba, ban dube shi ba, ya koma. Haka ya yi ta yi har sansa ya fara ɗingishi. Daga baya Hadiza ta gaya mini ya biya likita ya tsaya a kanka ya daɗe, shi ya sa. Da muka kusa gamawa hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, in ya zubo a kan ɗanyen daɓe aikin ya tashi a banza. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, manoma da damina suna roƙon Allah ya kai ruwa wani wuri. Liman ma sai da ya yi jim kafin ya ɗaga hannu. Hadarin ya yi mana yayyafi ya zarce arewa, rana ta fito ta gasa wurin.

Da aka zo gwaji na biyu Tanko ya ce shi fa yana da iyali, sai da mai gari ya sa baki ya hau. Suka taho a guje, suka wuce fako, suka shiga geza, suka fita har rijiya, Tanko yana salati da ƙarfi. Muka bi sawun muna dubawa, da ƙyar ake ganinsa. Manjo bai tsaya kashe babur ba ya yi tudu.

Da safe aka jera fararen buhuna a gefen layin, aka hura wuta da ɗanyar ciyawa don hayaƙi ya nuna wa mai jirgi inda iska ta nufa, aka ɗaure awaki aka riƙe yara. Kai lokacin ko kuka ka daina, sai numfashi sama sama. Na fito bakin likita ina hango filin. Jirgin ya zo ya kewaya, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, sai ya sake tashi. Wallahi na ce shi ke nan, ya ƙi. Ashe dubawa yake. Ya yi kwana ya dawo, ya dira a kan fako, ya gangaro bisa daɓenmu yana ɗan tsalle, ya zo ya tsaya, farfelar ta yi ta juyawa har ta gaji. Guɗar da aka yi ranar ina jin an ji ta a Isawan. Ni ban yi ba, gudu nake.

Da aka buɗe ƙofar na leƙa, sai na ga an cire kujerun baya duka, an jera kwalaye an ɗaure su da raga, ga akwatin sanyi a tsakiya. Abin ya ba ni mamaki, har ya so ya ba ni haushi, don kayan ba su kai lodin amalanke ɗaya ba, na ce a raina a kan wannan aka kashe mini gona. Matuƙin, wani dogon mutum mai jin Faransanci kaɗai, ya yi bayani Manjo yana fassara mana. Ya ce jirgi irin wannan ba a yi masa lodin kamiyo, komai sai an auna, har shi kansa da man da zai sha, kuma ya rage kaya da gangan don bai san ƙasar ba, zai koma ya ƙaro kafin yamma. Ya taka daɓen ya buga diddige, ya ce ya yi, amma can wajen rijiya da saura. Gwaggo Hassu ta ce:

"Manjo, hwaɗa mai ga madaɓi nan, shi durƙusa shi ƙarasa."

Ban tsaya jin amsa ba. Manjo ya nuna wani kwali, na ɗora a kai na bi shi da gudu. Ya nemi jijiya a hannunka ya rasa, sai a ƙafa ya samu, ya ɗaura ruwa ya yi allura, ya wuce kan na gaba. Na zauna riƙe da ƙafarka ina kallon ɗigon ruwan. Na ji tashin jirgin, na ji dawowarsa, ban motsa ba. Sai washegari da hantsi ka buɗe ido ka dube ni, ka ce ƙosai kake so. Na yi dariya ina kuka, Hadiza ta fita neman mai ƙosai ko takalmi babu. Ba duka aka samu ba, akwai yaran da jirgin ya iske sun yi nisa, amma barandar nan da ta cika ta riƙa raguwa da masu tafiya da ƙafafunsu. An ba ni labarin mai gari ya kawo wa matuƙin rago da buhun gyaɗa da kaji, don ba a sallamar baƙo hannu sake, shi kuwa ya ce ko kaza ɗaya ba ta cikin awonsa. Dattawa suka ji ba daɗi ƙwarai, sai da ya karɓi ɗan ƙullin cuku daga hannun wata Buzuwa, ya jinjina shi a tafin hannu ya sa aljihu, sannan aka huce.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, ba zan ɓoye muku ba. Kaka ta zo kowa yana ɗaurin damma, mu rumbunmu babu ko zangarniya. Mutanen gari sun yi kirki shekarar farko, kusan kowane gida ya aiko da dami. Shekara ta biyu kaɗan suka tuna, ta uku kuwa kowa ya koma harkarsa, ban kuma ga laifinsu sosai ba. Na sayar da awakina da saniyar da na zo da ita daga gidanmu. Auren Hadiza sai da aka ɗaga shi shekara guda, ta yi kuka ta haƙura. Sanusi ya so dawowa gida ya zauna, dole ya ƙara shekaru a Agadas yana aiko mana. Mun gwada noman gefen layin, abin da ke fita bai kai a faɗa ba, tsakiyar kuwa hauya tsalle take yi a kai, don mun daɓe ta da gaske. Mai gari ya ba mu jigawa can nesa wadda Sanusi ke nomawa yanzu, ba ta kai rabin geza albarka ba. Ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba. Baba Idi ya yi shekara bai shigo gidana ba, ranar da ya shigo kuma ya zauna ya ci tuwo kamar jiya ya fita. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba, a haka muka rabu.

Ni na hana a gaya maka kana cikin yaran da aka ɗaura wa ruwa ranar, na ce duk wanda ya faɗa ni da shi ne. Ban so ka tashi kana jin kai ka ci gonar ubanka, alhali ba kai ka ci ba. Yanzu na ga shirun nawa ya bar ka da rabin Baba Idi kaɗai, shi ya sa na kawo maka nawa rabin. Kai da kanka kana ganin jirgin duk daminar da hanya ta yanke, yana sauke magani da gidan sauro, shekarar da fari ya cinye iri ma shi ya kawo wani. Ka ga ranar da aka kwantar da matar Tanko cikin jirgin a gurbin kwalaye, haihuwa ta gagara, aka tafi da ita Maraɗi ta dawo da ɗiya. Kana kuma ganin mata suna fita sabunta daɓen kafin ruwan farko, Hadiza a gaba tun da Gwaggo ta rasu, sai dai ban taɓa ganin ka ɗauko musu ko tulu ɗaya ba, bana ina so in gani.

Gonar ban sayar ba, ban kuma mallaka wa kowa ba, har gobe da sunan ubanku ake kiranta, gezar Malam Haruna. Maganar aure kuma na yi da Sanusi, rabin jigawar naka ne, ka je ka nemi yarinyar nan da kake zagaye gidansu kana tsammani ban sani ba. Amma kada ka ƙara cewa gonar ubanka ba ta ba mu komai ba. Ya zuba mata taki yana tari don ku rayu, ita kuwa ba ta ci amanarsa ba. Abin da na girba a cikinta shekarar nan ina ganinsa kullum: ya yi gemu, yana cin tuwo kamar ba gobe, yana kuma zama bakin wuta ranar Sallah yana ba abokansa dariya da ni.